Yadda ake rubuta talim da karanta shi: lissafin saƙar darduma da mayafin Kashmir

Tun ranar da na ambaci cewa masaƙan Kashmir ba hoto suke kallo ba in suna saƙa, wata 'yar takarda ce mai ƙananan alamomi soke a gabansu, tambaya ba ta yanke ba: to yaya ake karanta takardar? Wasu ma so suke su gwada da hannunsu, musamman masu ɗinkin hula da masu saƙar ulu. Sunan rubutun talim. Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, ita ce ta'alimin da muka sani, daga Larabci ta ratsa Farisanci ta sauka a Srinagar, babban birnin Kashmir. A wurin masaƙan can, tana nufin takardar da ke faɗa wa mutum ƙulli nawa zai yi, da wane launi, layi bayan layi har darduma ta kai baki.

Alamomin da suke amfani da su babu su a allon rubutun waya. Don haka a misalan da ke ƙasa lambobinmu na yau da kullum da haruffan boko zan sa a gurbinsu. Tsarin bai canza ba, kuma shi ne abin koyo. Wanda ya iya tsarin, haddace siffar alamomin ba zai ba shi wuya ba.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Don rubutu: takarda mai gida-gida irin ta darasin lissafi, fensir da abin gogewa, fensiran launi, rula, doguwar farar takarda, da guntun kwali mai kauri. Duk shagon littattafan 'yan makaranta yana da su.

Don gwaji da hannu: ƙaramin firam na katako da kafinta zai haɗa maka, jerin ƙananan ƙusoshi sama da ƙasa, zaren auduga mai ƙarfi, ulu kala huɗu, almakashi, da cokali mai yatsu da za ka riƙa danne saƙar. Masaƙin darduma a Kashmir abu uku ne ba sa barin hannunsa: khur, wuƙa mai lanƙwasa kamar ƙaramin lauje da yake yanke zare bayan kowane ƙulli, sai panja, matsefin ƙarfe mai nauyi na danna layi, sai almakashin daidaita gashin darduma. Ba ka bukatar sayensu don koyo.

Kada ka fara da siliki, kada ka fara da pashmina. Siliki da santsi, ƙullin ɗan koyo ba ya zama a jikinsa. Pashmina kuwa, gashin cikin akuyar Changthangi ta tsaunukan Ladakh, siririya ce ƙwarai da tsada, tsinkewa take a hannun da bai saba ba. Kuɗin koyon talim ba su taka kara sun karya ba. Abin da aikin ke ci shi ne lokaci, kuma za ka ga yawansa a mataki na farko.

1. Yanke girma da yawan ƙulli

Kafin fensir ya taɓa takarda, ka san faɗi da tsawon abin da za a saƙa, da ƙulli nawa zai shiga kowane inci. A Kashmir ana faɗin ingancin darduma da lamba biyu: 18/18, 20/20, 24/24 da sauransu. Ma'anar 20/20 ita ce ƙulli 20 a kwance, 20 a tsaye, wato 400 a murabba'in inci ɗaya. Ita kuwa 18/18 tana ba da 324, 24/24 kuma 576.

A ce darduma ce mai faɗin ƙafa 3 da tsawon ƙafa 5, a kan 20/20. Faɗinta inci 36, sau 20, ƙulli 720 ke nan a kowane layi. Tsawonta inci 60, sau 20, layi 1,200. Jimilla ƙulli 864,000. Ko da a ce mutum ɗaya zai iya 5,000 a yini ba fashi, sai ya haura kwana 170.

Wannan lamba ta faɗi, 720 a misalinmu, rubuta ta a saman takardarka ka zagaye ta. Duk layin da za ka rubuta nan gaba sai ya tashi a kanta daidai. Kai da ke koyo, ɗauki faɗin ƙulli 20 kawai.

Hattara: kowane ƙulli zaren tsaye biyu yake ci. Ƙulli 20 na bukatar zare 40, da ƙarin biyu-biyu a kowane gefe don ɗaure baki. Masu koyo da yawa zare 20 suke ja a firam, sai sun fara ƙulli su tarar rabin zanen ba shi da wurin zama.

2. Zana a takarda mai gida-gida

Wannan aikin nakash ne, mai zane. Doka ɗaya ce: gida ɗaya, ƙulli ɗaya, launi ɗaya. Babu rabin gida. In layin zanenka ya ratsa tsakiyar gida, yanke hukunci nan take ka cike shi da launin da ya fi rinjaye. Shi ya sa zanen ganyen bishiyar chinar da na ɗan lanƙwasasshen almon da suke kira badam, in ka duba su kusa a takarda, kamar matakala suke, sai ka ja baya su yi sumul.

In zanen mai daidaiton gefe ne, hagu da dama iri ɗaya, sama da ƙasa iri ɗaya, kamar dardumar da ke da babban tambari a tsakiya, rubu'i kawai ake zanawa. A misalinmu gida 360 a kwance, 600 a tsaye. Sauran rubu'i ukun daga karatu za su fito.

Ja layi mai kauri a tsaye bayan kowane gida 20, ka sa wa layukan kwance lamba daga ƙasa zuwa sama, domin saƙa daga ƙasa take tashi.

Hattara: gidan takarda murabba'i ne, ƙullin ulu mai kauri kuwa ba lallai ya zama haka ba. Yi gwajin layi goma a firam ka auna da rula. In faɗin ƙullinka ya fi tsayinsa, da'irar da ka zana za ta fito kamar ƙwai a kwance.

3. Haɗa katin launi

A can, bayan mai zane akwai tarah-guru, wanda ke yanke launin kowane wuri yana ƙirgawa, sannan talim-guru ya rubuta. Launukan kuma kowanne da sunansa: zard rawaya ne, sabz kore, siyah baƙi, gulabi ruwan hoda, anari ja irin na 'ya'yan rumman, asmani shuɗin sararin sama, ferozi shuɗi mai ratsin kore. Kowane launi yana da alamarsa, kuma ana haɗa kati da suke kira rang tikat: a ɗaura guntun zaren ainihi a jikin kwali, a rubuta alamarsa kusa da shi.

Yi naka. Huda kwali wuri huɗu, ɗaura ulu a kowace huda, rubuta: S shuɗi, F fari, J ja, R rawaya.

Hattara: zaren da za a yi aikin da shi za ka ɗaura, ba mai kama da shi ba. Ja ya kasu kashi-kashi, kuma babbar darduma kan ɗauki launi ashirin ko fiye, wasunsu sai a hasken rana ake bambance su. Sannan alamar launi ba ta zama ɗaya a kowane gidan saƙa ba. Tsohon talim da katinsa ya ɓace, za ka iya fitar da siffar zanen, amma launukan sai dai cinta.

4. Fahimci ƙwayar rubutun

Talim ba shi da kalma, ba shi da jimla. Ƙwayarsa abu biyu ne a haɗe: alamar adadi a kan layi, alamar launi a samanta ko a ƙarƙashinta, kamar yadda wasali ke hawa kan baƙi a rubutun ajami. Adadi uku da alamar anari a kansa na nufin ƙulli uku ja a jere. Shi ke nan. A namu rubutun za mu sa 3J.

In takardar ainihi ta zo hannunka, lura da inda alamar launi ta zauna, domin mazauninta ma yana cikin ma'anarta. Kwafe ta yadda ka gan ta, ta sama a sama, ta ƙasa a ƙasa.

5. Rubuta layi-layi

Nan ne aikin yake. Ɗora rula a kan zanen ta rufe komai sai layi na 1, na can ƙasa. Fara daga gefe ɗaya, ka ƙirga gidajen da ke da launi ɗaya a jere har launin ya canza, ka rubuta adadi da launi, ka ci gaba. Sa kibiya a saman takarda mai nuna gefen da ka fara, kuma kada ka sauya shi har ƙarshe.

Ga ƙaramin zane: jan lu'ulu'u mai rawayar zuciya, a kan farin fili, da shuɗin baki.

Layi 1: 20S
Layi 2: 2S 16F 2S
Layi 3: 2S 7F 2J 7F 2S
Layi 4: 2S 6F 4J 6F 2S
Layi 5: 2S 5F 6J 5F 2S
Layi 6: 2S 4F 3J 2R 3J 4F 2S
Layi 7: 2S 5F 6J 5F 2S
Layi 8: 2S 6F 4J 6F 2S
Layi 9: 2S 7F 2J 7F 2S
Layi 10: 2S 16F 2S
Layi 11: 20S

Duba abin da ya faru. A takardar zane layi na 1 yana ƙasa, a takardar talim kuwa shi ne na sama, tunda rubutu daga sama yake sauka. Wannan juyin yana rikita ɗan koyo ba kaɗan ba. Lu'ulu'un nan bai damu ba, sama da ƙasansa ɗaya. Amma zana tulun furanni ka kwafe daga saman zanen, za ka saƙa tulu a kife.

Duba kuma layi 7 zuwa 11: su ne 5 zuwa 1 aka dawo da baya. Gwanin rubutu zai tsaya a layi na 6 ya sa alamar a koma. Haka ma a kwance, rabin layi na 4 shi ne 2S 6F 2J, a karanta shi gaba sannan a karanta baya. Da haka rubu'in zane ke haifar da darduma sukutum.

Hattara da tsakiya. In faɗin adadi ne mai rabuwa biyu, kamar 20, rabin ƙwayar tsakiya ake rubutawa: 4J ya zama 2J a kowane ɓangare. In ka rubuta 4J cikakke sannan ka ninka, layin zai tashi 24. In kuma faɗin mara ne, kamar 21, ƙullin tsakiya sau ɗaya ake yin sa, ba ya maimaituwa. Haka layi na 6 a tsaye, sau ɗaya ne.

A faffaɗan aiki, dogon layi gunduwa-gunduwa ake raba shi, ƙulli ashirin-ashirin, a rubuta kowace gunduwa a ginshiƙinta. Amfanin layukan nan masu kauri da ka ja a mataki na 2 ke nan. In fari 27 ya fara daga gida na 11, ka rubuta 10F ya rufe gunduwar farko, 17F ya buɗe ta biyu. Mutum zai ga kamar ƙarin wahala ne. Ni kam a ganina wannan rabon shi ne dabara mafi kyau a duk tsarin, don ya killace kuskure a cikin ƙulli ashirin maimakon ya bar shi yawo cikin ɗari bakwai da ashirin.

6. Tara lissafin kowane layi

Kada ka tsallake wannan ko da kana sauri. Layi na 6: 2 da 4 da 3 da 2 da 3 da 4 da 2, ashirin. Rubuta jimillar a gefe da fensir, ka wuce na gaba.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A talim bai sani ba. A gwajina na farko na rubuta 6F inda ya kamata 7F, na duba layin ya yi mini daidai, ban tara ba. Da na zo ƙulli zaren tsaye biyu suka rage a dama, sai na cike su da shuɗi na ce ai ba komai. Da aka juya bayan saƙar, ga kan lu'ulu'un ya karkata kamar hular da aka tura gefe, baki kuma ya kumbura a wuri ɗaya.

Sai dai jimilla ta yi daidai ba ta nufin layin ya yi daidai. 5F 6J da 6F 5J duk sha ɗaya ne. Maganinsa: ba wani talim ɗin ba tare da ya ga zanen ba, ya cike sabuwar takarda mai gida-gida da fensiran launi, ku gwama da ta asali.

7. Sa lamba, yi kwafi

Talim ɗin babbar darduma dogayen takardu ne masu yawa, galibi masu launin ƙasa-ƙasa. Kowacce ka sa mata lambarta, da layin da ta fara da wanda ta ƙare. Yi fotokwafi ka adana na asali tare da katin launi a jaka ɗaya, domin wadda ke kan masaƙa gumi da ninki za su cinye ta. Yanzu a Srinagar, cibiyar koyar da fasahar darduma ta IICT da wasu gidajen zane da kwamfuta suke fitar da talim su buga shi. Kwamfutar ta rage wa marubuci watanni, amma masaƙi har yau da ido yake karantawa, da yatsu yake ƙullawa.

8. Karanta a kan masaƙa

Soke takardar a tsakanin zaren tsaye daidai idonka, ka ninke ta yadda layin da kake kai zai zama a bakin ninkin. Rataye ƙwallayen ulu a sama, bakin zaren na reto inda hannu zai kai.

Ƙullin Kashmir irin na Farisa ne. Kama zaren tsaye biyu maƙwabta, zagaye ɗaya da ulu gaba ɗaya, wuce ta bayan ɗayan, fito da bakin gaba, ja ƙasa, yanke. In layi ya cika, ratsa zaren kwance daga gefe zuwa gefe, danne da panja ko cokalinka, daidaita gashin da almakashi, sannan ka sa ɗigo a gefen layin a takarda.

In masaƙa biyu ko uku ne a benci ɗaya, ɗaya ne ke karantawa da ƙarfi, cikin wata murya mai kama da rera waƙa, sauran na ƙullawa suna amsawa. Adadi da launi kawai ake kira: akh ɗaya, tre uku, tsor huɗu, dah goma, wuh ashirin. "Tre anari, tsor zard." A zane mai daidaiton gefe, na hagu da na dama kira ɗaya suke bi, kowa daga nasa bakin suna nufo tsakiya. Ku gwada da Hausa, kai da ƙaninka ko abokiyar aikinki: "Biyu shuɗi, bakwai fari, ɗaya ja." Mai ƙulli ya ce "na yi" kafin a kira na gaba.

Hattara: kada a tashi a tsakiyar layi. In an kira salla ko baƙo ya yi sallama, a ƙarasa gunduwar da ake ciki, a sa alama a takarda. Mai dawowa yana cewa "ina jin a nan muka tsaya" shi ke maimaita ƙwaya ko ya tsallake ta.

9. In mayafin kani ne

Tsarin rubutun ɗaya ne, abin da ake ƙirgawa ne ya bambanta. Mayafin kani, wanda ƙauyen Kanihama a gundumar Budgam ya yi suna da shi kuma ya samu rajistar kariyar asalin wuri ta Indiya a 2008, babu ƙulli a jikinsa. Masaƙar kwance ce. Maimakon ƙoshiya ɗaya mai ratsawa daga gefe zuwa gefe, ƙananan tsinkayen katako ne marasa ido, kani ke nan, kowanne an naɗa masa zaren launi ɗaya. Adadin da ke cikin talim na nufin zaren tsaye nawa tsinken zai ratsa, kuma bibbiyu ake ƙirga su. Inda launi ya haɗu da launi, ana sarƙe zaren biyu da juna don kada tsaga ta fito.

Abu biyu za su ba ka mamaki. Na farko, duk inda launi ya sake bayyana a layi, tsinkensa daban. Layinmu na 6 launi huɗu ne amma ƙwaya bakwai, saboda haka tsinke bakwai. Mayafi mai cike da furanni, irin wanda ake kira jamawar, tsinkaye ɗaruruwa ne ke jere a gaban masaƙa, kuma yakan ci shekara ko fiye. Na biyu, bayan mayafin ne ke kallon masaƙi, fuskar tana ƙasa.

Hattara: tunda ta baya ake saƙawa, abin da ke hagunka zai koma dama in an juya. Badam ɗin da ka so ya kalli dama zai kalli hagu, rubutu kuwa zai fito a birkice. Riƙe zanenka gaban madubi kafin ka rubuta talim, ka tabbatar wanne kake so ya zama fuska.

10. In kuskure ya riga ya shiga

Bayan kowane layi biyar, leƙa bayan darduma. A can kowane ƙulli yana fitowa ɗan gida-gida tamkar takardar zanen, ana iya ƙirga shi da bakin allura. Ta nan ma mai saye ke gane aikin hannu, ko da yake tun 2022 dardumar Kashmir mai rajista tana zuwa da lambar QR da ke nuna yawan ƙulli a inci da irin zaren.

In launin ƙulli ɗaya ko biyu ne ya kuskure alhali adadin layin daidai ne, zare su da allura ka ƙulla na daidai a gurbinsu, ba sai ka warware komai ba. In adadin ne ya goce, dukkan abin da ke bayan wurin ya matsa, kuma ci gaba a kansa kitso ne da kwarkwata. Cire zaren kwance, warware zuwa layin da lissafi ya tashi daidai, ka nemo gunduwar da ba ta kai ashirin ba ko ta haura. Kafin ka sake ƙullawa, tara wannan gunduwar a takarda tukuna, don sau da yawa hannu bai yi laifi ba, abin da aka rubuta masa ya bi. In a takardar ne, gyara ta da jan biro a kwafin da ke kan masaƙa da kuma na asali da ke cikin jaka, don a zane mai daidaiton sama da ƙasa wannan layin zai sake dawowa a rabi na biyu.